Ni na yi aikin gida, jikata aka zaɓa gasa

Malama A'i, assalamu alaikum.

Ki taimake ni da shawara, don na shiga wani hali da ban san yadda zan fita ba. Tun da nake ban taɓa jin daɗi kamar na wannan zangon karatu ba, kuma daɗin nan nawa ne yake shirin kunyata jikata a gaban makarantu goma sha biyu. Saura mako uku. Da hannuna nake rubuta miki, ban sa kowa ba, saboda haka in kika ga na yi tsawo ki yi haƙuri. Sai da na kai shekara hamsin da biyu na koyi rubutu, har yau ban gaji da ganin hannuna a takarda ba.

Ni kafinta ne a Fadaman Mada, shekarata sittin da takwas. Ban yi boko ina yaro ba. Ina shekara goma mahaifina ya kai ni wurin maigidana, Allah ya jiƙansu duka, na koyi aikin katako. Sai da na aurar da 'ya'ya uku sannan na shiga ajin manya na yamma a wata firamare kusa da mu, daga la'asar zuwa magariba. Muna zama a bencin yara gwiwoyinmu na dukan tebur, wasu bencinan ma ni na yi su. Shekara shida na yi. Na iya karatu da rubutu, Hausa da ɗan Turanci, lissafi kuma na kai har raba doguwar lamba. Daga nan aka ce abin da ake koya wa manya ya ƙare, aka ba mu takardar shaida, kowa ya koma gida. Na ɗauka iyakar lissafin ke nan a duniya.

Ina da jika, zan kira ta Azumi, don duk sunayen da ke wasiƙar nan na sauya su. Shekararta goma sha biyar, tana aji huɗu na sakandare. Ubanta Mansir ɗana ne. Suna zaune a Gwallameji, shi da matarsa duk ma'aikata ne, ba sa dawowa gida da wuri. Don haka in an tashi daga makaranta keke yake sauke ta a gidanmu, kakarta Hajja ta ba ta abinci, ta zo shagona da ke jikin gida ta zauna a ƙarshen tebur tana aikin gida, har ubanta ya biyo ya ɗauke ta.

Farkon zangon nan na ga ta yi kusan rabin awa tana cizon biro. Na leƙa. An rubuta 3x² + 2x + 5, aka ce a tara shi da x² + 4x + 1. Na ce mata haruffa me suke yi a cikin lissafi. Ta ce, Baba Tsoho, wannan ba na ajin tsofaffi ba ne, ka koma kan ƙusarka. Haka muke da ita, ba na jin haushi. Da na matsa sai ta ce sunansa aljebra, irin jerin nan kuma folinomiyal, x ɗin kuwa lamba ce da ba a riga an sani ba. Na ce ai wannan na saba da shi. Kullum sai wani ya zo ya ce a yi masa ƙofa bai auno bakin ɗakin ba.

Na ci gaba da kallo, sai na ga abin da ya dame ta. So take ta zuba komai wuri ɗaya. Ni kuwa shekara hamsin da takwas ke nan ban taɓa zuba ƙusa inci uku a gwangwanin inci ɗaya ba. Na ce mata masu ƙaramin biyu a kai gwangwaninsu daban, masu x kaɗai daban, lambobin da ba su da harafi daban. Na zaro fensir daga bayan kunnena na rubuta a guntun katako: 4x² + 6x + 6. Ta duba bayan littafinsu inda ake sa amsa. Daidai. Malama, sai da na ajiye aikin kujerar da nake yi na fita ƙofar shago na sha iska.

Mako na gaba suka shiga ninkawa. Aka ba su (x + 3)(x + 2). Malaminsu ya koya musu da wasu kibiyoyi masu tsallake-tsallake daga wannan baka zuwa wancan, ita ta kasa riƙewa, ni ma ban gane ba. Kwana biyu ina juya abin a raina ina goge katako. Rana ta uku ina auna falanki sai na gani. Falanki ne kawai, tsawonsa x da ƙarin uku, faɗinsa x da ƙarin biyu. In ka ja layi a inda ƙarin ya fara, nan da nan, zai fita gida huɗu: babban murabba'i x sau x, siririn yanki 3x, wani siririn 2x, sai ɗan lungu na shida. Ka tara, x² + 5x + 6. Babu kibiya ko ɗaya.

Da aka zo wanda suke kira fakto, wato a ba ka jerin a ce ka mayar da shi cikin baka biyun da ya fito, sai na ga juya aikin aka yi. An zube maka yankuna a ƙasa an ce ka faɗi falankin da aka yanko su. Wannan kuwa duk kafintan da ya taɓa gyara aikin wani ya san shi. Masu alamar ɗebewa sun wahalar da ni da farko, sai na gane ragewa ake yi daga katakon maimakon ƙari. Ranar da na yi x² − 9 ba zan manta ba. Na ɗauki murabba'in katako na gaske, na cire masa lungu uku sau uku da zarto, na yanke ragowar biyu, na juya ɗaya na jera shi gefen ɗayan. Ya fito falanki sak, gefe ɗaya ya ƙaru da uku, ɗayan ya ragu da uku. Ihun da na yi ya sa Hajja ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta ɗauka yatsa na yanke.

To, ga inda na yi ɓarna, ko da yake a lokacin koyarwa na ɗauka nake yi.

Maigidana sai da na shekara uku a wurinsa kafin ya bar ni na sa zarto a katakon aiki. Ni dai riƙewa, da kallo, da shara. Ba mugunta ba ce. Katako yana da tsada, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. Duk waɗanda na koya wa sana'a haka na koya musu, kuma yau suna cin abinci da ita. A ajin yamma kuma littafi ɗaya ake ba mutum a zango, a yi ta jan kunne kada a ɓata shafi. Da waɗannan biyu na tashi, da su na koyar da Azumi. Ni nake yin lissafin a guntun katako da fensir ina bayani, ita tana riƙe da littafin tambayoyi tana kallo. In na gama na tabbata, sai ta kwafe a littafin aikin gida da rubutunta mai kyau, har da zanen falankin a gefe. In ta ce bari ta gwada ɗaya, sai in tsaya a kanta. Da na ga hannunta ya nufi kuskure sai in karɓe biron in ce, tsaya, kada ki ɓata takarda. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Tana gamawa da wuri ta shige wurin Hajja su yi ta hira.

Littafin ya fara dawowa da jan biro. Goma bisa goma. Goma bisa goma. Malamin lissafinsu, Malam Obadiya, har yakan rubuta yabo a ƙasa. Dole in gaya miki abin da wannan yake nufi a wurina. Malaminmu na ajin yamma yaro ne mai ladabi, sa'an 'ya'yanmu. Bai taɓa iya sa wa dattijo alamar kuskure ba. Ko me ka rubuta sai ya ce, madalla Baba, sai dai a ɗan gyara nan. Shekara shida ban san ko na iya ba ko kunyata ake ji. Shi kuwa Malam Obadiya bai san ni ba, bai san furfurata ba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ya ɗauka yana dubawa, kuma an ce ba ya kyautar maki. Sau ɗaya ya ba mu takwas saboda na manta alamar ɗebewa, na yini ban yi wa kowa magana ba, amma a raina na ji daɗi, don na san da gaske yake dubawa. Har ta kai kullum ƙarfe biyu na yi ina bakin shago ina jiran keke. Hajja takan ce dubi yadda tsohon nan yake son jikarsa. Ina sonta, Allah ya sani. Amma jakar nake fara kallo.

Ajinsu mutum saba'in da wani abu ne. Makon da aka yi gwajin aji zazzaɓi ya kwantar da Azumi, sai malamin ya ɗauki makinta daga aikin gida. Babu wanda ya taɓa sa ta a gaban allo.

Kwana goma da suka wuce ta zo da takarda. Za a yi gasar lissafi tsakanin makarantu goma sha biyu, kowane aji mutum biyu, kuma Malam Obadiya ya zaɓe ta. Ya ɗaga littafinta a gaban aji ya ce a dubi tsafta, a dubi dabarar falanki da ta ƙirƙiro da kanta. Mansir ya gaya wa duk mutanen ofishinsu. Uwarta ta sa hotonta a waya, 'yan uwa har daga Jos suna ta yi mata addu'a. Ni kuwa na sa aka yanka zakara. Na shiga cikin gida ina cewa an zaɓe mu, an zaɓe mu. Hajja ta ɗago kai daga tankaɗe ta ce, ku su wa? 

Talatar nan Azumi ta zo ta ƙi cin abinci. Ta zauna a wurinta na kullum ba ta buɗe jaka ba. Can sai ta ce ran Juma'a za su tafi hutun tsakiyar zango na mako ɗaya, kuma in an dawo waɗanda aka zaɓa za su riƙa tsayawa bayan an tashi, Malam Obadiya yana horar da su a gaban allo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita ba ta iya ba. Na yi dariya na ce wata biyu tana kallo, yaya za ta ce ba ta iya ba. Na rubuta mata x² + 7x + 12, mai sauƙi, uku da huɗu ne kawai. Ta zana falankin tsaf, ya fi nawa kyau, ta raba shi gida huɗu. Sai ta tsaya. Ba ta san abin da za ta rubuta a gefe ba. Na ce to bar wannan, ninka min x + 3 da kansa. Ta rubuta x² + 9. Siraran yankunan nan biyu, 6x gaba ɗaya, ta zubar da su. Malama, ko a lokacin ban san sanda hannuna ya karɓe biron ba. Ta kalli hannun nawa ta ce, ka gani ko, Baba Tsoho. Ba da wasa ta faɗa ba.

Ta roƙe ni kada in gaya wa ubanta, kada in gaya wa malamin. Ta ce in aka ji, har ta gama makarantar sunanta wadda kakanta yake yi wa aikin gida. Shirinta shi ne ta riƙa zillewa horon, ranar gasar kuma ta ce zazzaɓin ya dawo. Ban rantse mata ba, amma na gyaɗa kai, kuma ta ɗauka alkawari ne. Ta kuma gaya min wani abu da ya tsaya min a rai. Akwai wata a ajinsu, Juliana, ita take yin nata da kanta, yawanci kuma tana samun daidai. Ba a zaɓe ta ba. Littafinta duk soke-soke ne da goge-goge, har malamin ya taɓa cewa ta je ta ga na Azumi.

Hajja ta ce in tashi in je makarantar in faɗi gaskiya, tun da ni na ga dama da girmana na shiga gasa da yara. Na san tana da gaskiya. Amma akwai abin da ban gaya mata ba, ke kaɗai zan gaya wa. Duk sanda na yi tunanin zuwa wurin Malam Obadiya, sai in ga har na zaɓi babbar rigar da zan sa. Ina hango fuskarsa lokacin da zai ji cewa duk goma bisa goman nan na wani tsohon kafinta ne. Ina hango shi ya miƙe tsaye. To mutumin da yake irin wannan tunani, gaskiya ce za ta kai shi makarantar ko son a yaba masa? Ina tsoron in kunyata yarinyar nan don in ji ana ce min madalla. Ina kuma tsoron in yi shiru ta koyi ƙarya a shagona. Wani lokaci in ce bari in koya mata da gaske kafin ranar, sai in tuna ni shekara uku na yi ina kallo, ita mako uku gare ta. Jiya ta zo, ta gaishe ni kamar baƙo, ta wuce wurin Hajja.

Me zan yi?

Sai wata 'yar tambaya, in akwai wuri. Bayan x² − 9 na yi x² − 4, ya fita lafiya. Sai na ce bari in gwada x² + 4. Kwana tara ke nan ya ƙi yankuwa ta kowace fuska. In kin san wani mai lissafi a ofishinku, a duba min.

Tsohon kafinta,
Fadaman Mada, Bauchi.

*

Baba, wa alaikumus salam.

Barka da arziki tukuna. Na daɗe ina amsa wasiƙu a filin nan, kai ne na farko da ya zo yana kuka da goma bisa goma. Kada kuma wanda ya rage maka daɗin. Mutum ya gano ninkawa a jikin falanki yana shekara sittin da takwas, ba malami, ba aji, ya ci zakaransa da hujja. Makin naka ne. Matsalar ita ce a littafin wata aka rubuta shi.

Ban ga mugunta a abin da ka yi ba. Ka ba jikarka irin tarbiyyar da aka ba ka, wadda ta ciyar da kai da iyalinka. Maigidanka yana da hujja, katakon da aka yanke ba ya komawa. Sai dai lissafi yana komawa. A soke, a sake, babu abin da ya lalace sai shafi ɗaya, kuma a wurin sokewar ake koyo. Shi ya sa mai littafin soke-soke ta iya, mai littafin tsafta ba ta iya ba. Ita ma Azumi ba jaririya ba ce. Ta san aikin ba nata ba ne tun ranar farko, ta kuma ji daɗin gamawa da wuri. Amma ka tuna a shagonka take, kai ne babba, kai ne kake karɓe biron. Kaso mafi girma naka ne, kuma kai ya kamata ka fara ɗauka.

Tsoronta gaskiya ne. Yara suna laƙaba suna, kuma sunan yakan daɗe. Amma shirinta ba zai kai ta ko'ina ba. Malamin da ya lura da alamar ɗebewa guda ɗaya ba zai kasa lura da ɗalibar da take zille wa horo ba. Ko ta zille ranar farko, ta biyu za a sa ta a gaban allo. Asirin nan kwana goma ya rage masa, ko ka yi magana ko ka yi shiru. Abin da ya rage a hannunku shi ne yadda zai fito: a ofishin malami ku uku, ko a gaban 'yan ajinta da alli a hannunta. Ga kuma Juliana, wadda ba ta yi wa kowa laifi ba, tana zaune a benci saboda aikinka.

Gyaɗa kan da ka yi bai ɗaure ka ka taya ta ƙaryar ciwo ba. Abin da ya ɗaure ka shi ne kada ka zagaya ta bayanta. Saboda haka da ita za ka fara. Ka kira ta, ka ce ka yi mata ba daidai ba, ka ba ta haƙuri. Kaka yana ba jika haƙuri, ba a taɓa jin ya rage tsawo ba. Ka gaya mata ba za ka iya yin shirun ba, ka gaya mata dalili, ka ce tare za ku je. Za ta yi fushi. Ka bar ta ta yi. Mansir kuma daga bakinka ya kamata ya ji, kana farawa da abin da kai ka yi kafin ya buɗe baki a kan 'yarsa. Zai ji kunyar mutanen ofis na kwana biyu, sannan ya warke.

Ku je wurin Malam Obadiya kafin a fara horon, ku nemi ganinsa shi kaɗai. Babbar rigar ta zauna a akwati, ka sa wadda kake zuwa sayen katako da ita. Ka faɗi naka a taƙaice, ka bar Azumi ta faɗi nata, ka roƙe shi abin ya tsaya a ɗakin. Yawancin malamai sun san yadda ake sauya suna a takarda ba tare da an yi shela ba. Wa zai je gasar kuma, wannan hukuncinsa ne. In ya ga dama ya gwada yaran biyu. Ka shirya zuciyarka, mai yiwuwa Juliana ce za ta tafi, kuma in haka ta faru an yi daidai.

Game da son yabon da yake ba ka tsoro, na yarda yana nan. Amma mutum yana iya yin abin da ya dace ko da zuciyarsa ta raɓo wani abu a gefe. In ka jira sai niyyarka ta yi tas, hutun zai ƙare. Ka je, ka dai kula kada ganawar ta zama taka. In malamin ya miƙe tsaye, ka ce masa ya zauna, maganar yarinya aka zo yi.

Makon hutun nan ku yi aiki. Ka tara mata takardun da ba za su ba ka tausayi ba, bayan tsohuwar kalanda, takardar buhun siminti, guntayen katakon da kake ƙonawa. Fensir a hannunta zai riƙa kwana. Ku fara daga tarawa ko da ta ce ta wuce nan, don wadda take zubar da 6x ba ta gama sanin gwangwanayenta ba. Kwana biyu a nan, sai ninkawa, sai fakto a ƙarshe, masu sauƙi da yawa kafin mai wuya ɗaya. Goma sha biyar a rana ya isa. Abu ɗaya da za ka koya mata da bakinka shi ne yadda za ta kama kanta. In ta yi fakto, ta ninka bakan biyu ta ga ko sun mayar da ita inda ta fito. In ta yi ninkawa, ta sa lamba a wurin x. Da ta sa ɗaya a aikin ranar Talata, da ta ga huɗu sau huɗu goma sha shida ne, nata kuma goma ya ba ta, ta shiga neman shidan da kanta. Kai kuma ka zauna a ɗaya ƙarshen shagon da aiki a hannu biyu. Ka goge ƙafar kujera, ka buga ƙusa, ko me ke nan, in dai hannun ba zai kai ga biro ba. In ta tambaya, ka amsa da tambaya. Ban ce mako uku zai mai da ita gwanar gasa ba. Zai iya mai da ita yarinyar da za ta shiga jarrabawar ƙarshen zango ba ta addu'ar zazzaɓi.

Tambayarka ta ƙarshe na kai wa wani abokin aikina. Ya ce ka ajiye zarto, ba laifinka ba ne. Wannan ba ya yankuwa da lambobin da ka sani, dalilin kuma yana wani aji na gaba. Ka ga ke nan lissafin bai ƙare ba. Ka sayi littafinka, ka rubuta sunanka a bango. In ƙura ta lafa, wata rana daban, ka koma wurin Malam Obadiya ka tambaye shi ko zai riƙa duba maka, da kuma yadda manya suke zama jarrabawa daga waje. Sai dai ka sani, yanzu ya ga furfurar. Ka gaya masa tun farko ba ka son ladabi.

Nan gaba kaɗan Azumi za ta kawo maka shida bisa goma a shafi mai datti. Ranar ka ce wa Hajja ta kama wani zakaran.

Allah ya shirya tsakaninka da jikarka, ya buɗa mata, ya ƙara maka lafiya da basira. Ya kuma ba ka ikon ganin kuskure yana tahowa ka yi shiru.

Malama A'i.